Gasar Telebijin: Me Ke Sa Wani Zango Ya Yi Armashi, Wani Ya Yi Lami?

A 'yan shekarun nan, da zarar damina ta yi tsakiya, wani kaso mai tsoka na kuɗin talla da manyan kamfanonin Nijeriya ke warewa yakan karkata zuwa wani gida guda a birnin Legas. A cikin gidan nan ne kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ke ajiye samari da 'yan mata ashirin ko fiye har na tsawon makonni goma, ba waya, ba jarida, ba rediyo, kyamarori na ɗaukarsu dare da rana, jama'a kuma na jefa ƙuri'a ana sallamarsu da ɗai-ɗai da bibbiyu, har a kai ga wanda zai ɗauki kyauta. Wannan shi ne shirin Big Brother Naija. Bisa ga alƙaluman da kamfanin da kansa ya bayar, zangon shekarar 2020 ya ci Naira biliyan 3.5, na 2021 ya ci biliyan 4.3, na 2022 biliyan 4.7, sa'an nan na 2023 ya kai biliyan 5.5.

Kuɗi masu yawa irin waɗannan ba a zuba su don sha'awa. Kamfanin yana mayar da su ne ta hanyar masu ɗaukar nauyin shirin, da masu sayen filin talla, da kuma miliyoyin gidajen da ke sabunta kuɗin kallonsu na wata don kada wani abu ya wuce su. Matsalar ɗan kasuwa a nan ita ce, ana sa hannu a kan yarjejeniyar ɗaukar nauyi tun kafin a buɗe ƙofar gidan, tun ba a san su wane ne za su shiga ba, balle a san yadda za su zauna da juna. Cinikin biri a sama ke nan. Akwai zangon da har yau ana muhawara a kansa a motocin haya da ofisoshi, akwai kuma wanda aka kashe masa kuɗi fiye da wancan, amma kafin wata ya kama an manta da wanda ya zo na biyu. Don haka tambayar abin da ke sa zango ya yi daɗin kallo tambaya ce ta kuɗi ga duk wanda ke tunanin ɗora sunan hajarsa a kan irin wannan shiri.

Asalin shirin daga ƙasar Holan yake, inda John de Mol da kamfaninsa Endemol suka fara nuna shi a 1999. Kamar yadda ake sayen lasisin harhaɗa mota, haka gidajen telebijin na ƙasashe daban-daban ke sayen izinin yin nasu samfurin, kuma tun 2020 haƙƙin mallakar ya koma hannun kamfanin Banijay na Faransa. An fara na nahiyar Afirka a 2003, wanda 'yan Nijeriya suka lashe sau uku a jere: Kevin Pam ɗan Jihar Filato a 2009, Uti Nwachukwu a 2010, da Karen Igho wadda ta raba nasara da wani ɗan Zimbabuwe a 2011. Na Nijeriya zalla an fara yin sa a 2006, inda Katung Aduwak, ɗan kudancin Jihar Kaduna, ya yi nasara. Daga nan shirin ya kwanta har shekara goma sha ɗaya, sai a 2017 aka farfaɗo da shi, Ebuka Obi-Uchendu, wanda shi ma ɗan takara ne a 2006, ya zama mai gabatarwa.

Girman kyauta

Abin da ake fara shelantawa a kowace shekara shi ne kyauta, kuma a takarda galibi gaba take yi. Efe Ejeba ya samu Naira miliyan 25 da mota a 2017. Jimlar kyautar ta kai miliyan 45 a 2018, miliyan 60 a 2019, miliyan 85 a 2020, miliyan 90 a 2021, miliyan 100 a 2022, sa'an nan a 2023 aka ba Ilebaye Odiniya miliyan 120. Sai dai mai karatu da ya saba da lissafin canji ya san Naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Dala 100,000 da aka ba Katung a 2006, lokacin da ake sayen Dala a kan wajen Naira 130, ta kama kimanin Naira miliyan 13. Kyautar miliyan 100 da Kellyrae ya ɗauka a watan Oktoba na 2024, lokacin da Dala ta haura Naira 1,600, ba ta wuce kimanin Dala 60,000 ba. Bugu da ƙari, a yawancin shekarun nan kaso mai yawa na kyautar kayayyakin masu ɗaukar nauyi ne, kamar mota da gida da tafiye-tafiye. Alal misali, a 2020 tsabar kuɗin miliyan 30 ne daga cikin miliyan 85.

Ko da an ajiye batun canji gefe, tarihin shirin bai nuna cewa kyauta ce ke jawo masu kallo ba. Zangon 2017, mai kyauta mafi ƙanƙanta tun bayan farfaɗowa, wanda ma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi har Ministan Watsa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya umarci Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Telebijin ta binciki dalili, yana cikin waɗanda aka fi tunawa da su. Mai kallo ba shi zai ci kuɗin ba. Amfanin kyauta a wurinsa shi ne ta isa ta sa mutanen cikin gidan su damu, su yi kishi, su ƙulla ƙawance su warware. Da zarar ta kai wannan matsayi, ƙarin miliyan ashirin a kanta ba ya ƙara wa daren Lahadi zafi ko kaɗan.

Mutanen da aka zaɓa

Jarin gaskiya na kowane zango yana wurin tantance 'yan takara, aikin da ake gamawa makonni kafin jama'a su ga komai. Dubban matasa ke nema, a ɗauki ashirin da 'yan kai. Masu shirya damben gargajiya sun daɗe da sanin wannan sirri: ba a cika fili don an kawo ƙarfafa kawai, sai an iya haɗa wane da wane. Gidan da aka cika da mutane masu kama ɗaya, masu buri ɗaya, masu magana iri ɗaya, ko da dukkansu kyawawa ne, ba shi da abin da zai ba mai kallo bayan mako na biyu.

Zangon 2020, wanda aka laƙaba wa suna Lockdown, shi ne misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. An buɗe gidan ranar 19 ga Yuli da mutum 20. A cikinsu akwai Olamilekan Agbeleshe, wanda aka fi sani da Laycon, siririn mawaƙi da ya karanta falsafa a Jami'ar Legas, wanda a daren farko aka yi ta yi masa dariya saboda wata riga mai fitilu da ya shigo da ita. Akwai Kiddwaya, ɗan hamshaƙin ɗan kasuwa Terry Waya na Jihar Binuwai, wanda kowa ya ga bai zo don kuɗin ba. Akwai kuma Erica Nlewedim, 'yar wasan kwaikwayo, wadda Laycon ya nuna yana so, ita kuwa ta karkata ga Kiddwaya. Babu marubucin da ya tsara wannan, amma masu tantancewa ne suka ajiye talaka mai basira da ɗan masu kuɗi da yarinyar da za ta tsaya tsakaninsu a ƙarƙashin rufi ɗaya, suka ja da baya. A ɗaya gefen gidan kuma ga wani zaren labarin tsakanin Ozo da Nengi da Dorathy, ta yadda in wannan ya lafa wancan ya taso.

Labarin ya yi ta hauhawa mako bayan mako har farkon Satumba, lokacin da Erica ta yi wa Laycon zagin ƙare-dangi a wani daren Asabar, washegari aka kore ta saboda gargaɗinta ya cika uku. Ranar 27 ga Satumba Laycon ya lashe gasar da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un ƙarshe. Gwamnan Jihar Ogun, Dapo Abiodun, ya naɗa shi jakadan matasa, ya ba shi Naira miliyan 5 da gida.

Wannan kashi 60 yana da darasi. Ana yawan cewa daɗin gasa shi ne a kasa sanin wanda zai ci sai ranar ƙarshe, amma makonni kafin a rufe gidan kowa ya san Laycon ne, kamar yadda aka san Efe ne a 2017, wanda ya samu kusan kashi 58. Duk da haka mutane ba su tashi daga gaban akwatin ba. Abin da ya riƙe su shi ne suna da nasu a cikin gidan, suna kuma jin cewa su ne suka ɗauko shi daga ƙasa suka kai shi sama. Efe, wanda ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Jos, ya shigo da Turancin buroka da labarin yaron unguwa mai fafutuka. Whitemoney a 2021 ya shigo da labarin wanda ya yi sana'o'i iri-iri, ya kama girki a gidan, har Pere, da ya zama shugaban gida na mako, ya nemi raba shi da madafa, abin da ya ƙara masa magoya baya nan take. Ilebaye, wadda aka sallama da wuri a 2022, ta dawo a 2023 cikin tsofaffin taurari tana mafi ƙarancin shekaru. Da wani ɗan takara ya watsar mata da tufafi a ƙasa, sai jama'a suka rungume ta, ta doke Mercy Eke wadda ta taɓa lashe gasar. Mai jefa ƙuri'a a Nijeriya, bisa ga abin da shekarun nan suka nuna, yana bayan wanda yake ganin an raina.

Amma labarin wanda aka raina ba ya tsayuwa sai da abokin karawa mai nauyi. Zangon 2019, na farko da aka dawo da shi Legas bayan farfaɗowa, ya rayu ne a kan adawar Mercy da Tacha, mata biyu masu kaifin baki, kowacce da rundunar magoya bayanta da suka raɗa wa kansu suna. An yi kwana 99 ana wannan zango, mafi tsawo ke nan, amma bai gundura ba, domin kowane mako ɓangarorin biyu na auna ƙarfinsu a akwatin ƙuri'a. A 2018 ma Cee-C, wadda rabin masu kallo suka tsana rabi suka so, ta fi wanda ya ci gasar, matuƙin jirgin sama Miracle, jawo magana. A 2021 kuwa, bayan da rikicin madafa ya lafa, Whitemoney ya rasa abokin karawa na sosai, makonnin ƙarshe suka zama jiran ranar da za a miƙa masa abin da kowa ya san nasa ne.

Doka da hannun jama'a

Tun da jin mallaka shi ne ke riƙe mai kallo, duk abin da ya taɓa ƙuri'arsa ya taɓa kasuwar shirin. Wannan ne ya sa a daren sallama ake nuna jami'in kamfanin binciken kuɗi na Deloitte yana miƙa ambulan da ke ɗauke da sakamako, a kuma nuna kason da kowa ya samu. Mutanen da suka sha ganin zaɓen da ba su yarda da sakamakonsa ba, ba za su ɓata kuɗin data a kan ƙuri'ar da suke zargin an riga an rubuta ba.

Masu shirin sukan shigo da sauye-sauyen bazata don gudun kada tsari ɗaya ya gundura, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. A 2023 an kafa kwamitin alƙalai na tsofaffin 'yan takara, waɗanda ke zaɓar wanda za a sallama daga cikin masu ƙarancin ƙuri'a. Jama'a suka yi ca a kan tsarin, musamman bayan sallamar Uriel, suna cewa mutum uku sun fi ƙarfin miliyoyi, har daga baya aka soke kwamitin. A 2024 an shigar da 'yan takara bibbiyu, ana zaɓensu tare ana sallamarsu tare, wato in mutum yana son ɗaya dole ya ɗauki ɗayan, in kuma abokin tafiya ya gaza sai ya ja mai farin jini su fita tare. Kafin zangon ya ƙare sai da aka raba su kowa ya tsaya da ƙafarsa. A 2022 an raba gidan biyu, hankalin kyamara da na mai kallo ya rabu, aka ɗauki makonni kafin a san kowa da kowa.

Akwai kuma irin sauyin da ke ƙara armashi, kuma bambancinsa da na farko a fili yake. A 2021 an saka Maria da Pere a matsayin 'yan takarar sirri, aka ce 'yan gidan su gano su, aka kuma sanar da masu kallo ko su wane ne kafin 'yan gidan su sani. A 2024 Kellyrae da matarsa Kassia sun shiga a matsayin abokai, suka ɓoye aurensu ga sauran 'yan gidan alhali duk ƙasa ta sani, wannan kuwa shi ne zaren da ya fi riƙe mutane a zangon da ba shi da zare da yawa. Sauyin da ya ba mai kallo sanin abin da na cikin gida bai sani ba yana ɗaga shi sama, wanda kuwa ya karɓe hukunci daga hannunsa yana ture shi gefe.

Korar ladabtarwa ita ma tana cikin wannan lissafi. An kori Kemen a 2017 saboda taɓa wata 'yar takara tana barci ba da yardarta ba. An kori Tacha a 2019 saura kwanaki kaɗan a kammala, bayan faɗanta da Mercy. An kori Erica a 2020. Ta fuskar ciniki, kowace daga cikin korar matan biyu asara ce, domin su ne suka fi jawo ƙuri'a da magana a lokacin. Amma da an kau da kai saboda farin jininsu, da dokar gidan ta zama wasa, kuma kamfanin da ya biya kuɗi aka rataya sunansa a bangon gidan shi zai fara jin kunya.

Adadin ƙuri'a, wanda wakilan talla ke son kawowa a gaban mai kuɗi, yana bukatar a karanta shi da hattara. An ba da sanarwar ƙuri'a miliyan 170 a 2018, miliyan 240 a 2019, fiye da miliyan 900 a 2020, da fiye da biliyan ɗaya a 2021. Wannan ba yawan mutane ba ne. A shekarun farko ana jefa ƙuri'a ta saƙon waya a kan Naira 30 kowane ɗaya. Daga baya aka buɗe manhajojin kamfanin, inda mai dikoda ke samun ɗaruruwa ko dubban ƙuri'u gwargwadon tsadar rukunin tashoshin da yake biya, kuma a 2021 aka daina amfani da saƙon waya gaba ɗaya. Tsarin yana da wayo, domin yana sa magoya baya su sabunta biyan kuɗi, har ma su biya wa wasu, don ɗan takararsu ya tsira. Amma wanda ya kwatanta ƙuri'un 2018 da na 2021 kai tsaye, ya auna hatsi da mudu biyu daban-daban.

Lokaci, da yawan talla

Wani ɓangare na nasarar 2020 ba aikin kowa ba ne. Annobar korona ta sa an rufe makarantu da gidajen kallo da wuraren shaƙatawa, malaman jami'o'i na yajin aikin da ya kama daga Maris har Disamba, miliyoyin ɗalibai na zaune a gida da waya a hannu. Mutanen da aka hana fita suna kallon mutanen da aka hana fita. A 2024 kuwa an buɗe gidan a ƙarshen Yuli, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta, bayan cire tallafin man fetur da sakin Naira a 2023, da ƙarin kuɗin wutar lantarki a Afrilu, da ƙarin kuɗin DStv da GOtv a Mayu. MultiChoice ya ba da rahoton rasa masu biyan kuɗi 243,000 a Nijeriya tsakanin Afrilu da Satumba na shekarar. Gidan da ke lissafin man janareta ba ya barin akwati a kunne dare da rana don ganin wa ya yi wa wani gulma.

Tsarin mako shi ma yana da rawar da yake takawa: wasan neman shugabancin gida da fitar da sunayen waɗanda za a jefa wa ƙuri'a a farkon mako, rawar daren Asabar, sallama ranar Lahadi. A tsakanin waɗannan ne ake cusa wasannin masu talla, inda 'yan gidan ke sa rigunan kamfani su yi waƙa ko wasan kwaikwayo a kan sabulu ko taliya ko banki. Kaɗan daga cikinsu na da daɗi, musamman in an sa kyautar da za ta haddasa gasa ta gaske, kamar motar Innoson. In suka yi yawa, sai gidan ya koma kanti, 'yan takara su gaji, hirar da ke haifar da labari ta mutu. A ra'ayin wannan marubuci, kamfanin da ya matsa a ba shi wasa na biyar a mako guda yana rage darajar abin da ya saya da kuɗinsa.

Akwai kuma tsufan da ke kama kowane shiri irin wannan. A Amurka, mutane wajen miliyan 51 suka kalli daren ƙarshe na zangon farko na Survivor a 2000, lokacin da dabarar Richard Hatch ta ƙulla ƙawancen ƙuri'a ta zo wa kowa a matsayin sabon abu. Bayan haka duk mai shiga ya riga ya haddace dabarar. Haka abin yake a Legas. 'Yan takarar shekarun baya-bayan nan suna shiga ne bayan sun ɗauki masu kula musu da shafukan Instagram da X, sun tanadi masu yi musu kamfe, sun kuma nazarci abin da ya yi wa Efe da Laycon aiki. Wani ya shigo da labarin talauci a shirye, wata ta shigo da soyayyar da aka tsara. Masu kallo kuwa sun ƙware wajen gane na gaske da na roba, kuma ba sa yafe wa na roba.

Jerin manyan masu ɗaukar nauyin shirin kansa tarihin kasuwar Nijeriya ne a taƙaice: kantin intanet na Payporte a 2017 da 2018, kamfanonin cacar wasanni Bet9ja a 2019 da Betway a 2020, sai kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, Abeg a 2021, Pocket a 2022, da Moniepoint a 2023. Sababbin kamfanoni masu neman a san sunansu cikin gaggawa su suka fi cin moriya; Abeg ya shiga zangon 2021 kusan ba wanda ya san shi, ya fito sunansa na bakin matasa ko'ina. Sai dai suna daban, ƙarfin kamfani daban. Patricia, mai hada-hadar kuɗin kirifto, wanda ya kasance mai ɗaukar nauyi na biyu a wannan zangon, ya dakatar da cirar kuɗin abokan cinikinsa a 2023.

Sauran gasanni

Big Brother ba shi kaɗai ne samfurin da aka gwada a ƙasar nan ba, kuma sauran sun nuna cewa ana iya riƙe mai kallo ta wata hanyar. Gulder Ultimate Search, wanda kamfanin Nigerian Breweries ya fara a 2004 a tsibirin Snake Island na Legas, ya zaga Obudu da dajin Benin da duwatsun Shere na Jos, ya dogara ne a kan wahalar daji da juriya da warware kacici-kacici; wanda ya gaza a gwaji shi ke tafiya, kowa na gani. MTN Project Fame, daga 2008 zuwa 2016, ya dogara a kan ganin mutum yana ƙaruwa a sana'arsa mako bayan mako, kuma ya fitar da mawaƙa irin su Iyanya da Chidinma. Wanda ya fi kusa da masu karanta wannan shafi shi ne The Apprentice Africa na 2008, inda gogaggen ɗan kasuwar talla Biodun Shobanjo ya riƙa ba matasan Afirka ayyukan saye da sayarwa yana korar wanda ya gaza, har Isaac Dankyi-Koranteng na Ghana ya yi nasara. A dukkansu abin da ya yi aiki iri ɗaya ne da na gidan Legas: mutane mabambanta, hukuncin da mai kallo ya fahimci dalilinsa, da wani wanda zai ce nasa ne.

Raunin waɗannan ukun shi ne kowannensu na rataye a wuyan kamfani ɗaya. The Apprentice Africa bai wuce zango ɗaya ba, kuma Bank PHB da ya ɗauki nauyinsa gwamnati ta karɓe shi a 2011 ya koma Keystone. Gulder ya tsaya bayan 2014, bai dawo ba sai 2021. Project Fame ya rufe bayan 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya. Big Brother ya ɗore ne domin mai shirin shi ne mai tashar, shi ne kuma mai karɓar kuɗin kallo, in wannan mai talla ya tafi wani ya zo.

Ɗan kasuwar da yawancin masu sayen kayansa ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ko unguwannin Hausawa na Agege da Sabo ta Ibadan, yana da ƙarin lissafi. Shirin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma shaye-shaye da shigar banza da abin da ke faruwa a ɗakunan kwana sun jawo masa suka daga malaman addinai biyu. A 2019 ƙungiyar MURIC ta nemi gwamnati ta haramta shi, shugaban Majalisar Al'adu ta Ƙasa na lokacin, Olusegun Runsewe, shi ma ya fito ya yi tir da tsiraicin da ake nunawa. Sunan da zai yi tashe a Lekki saboda an gan shi a bangon gidan yana iya zama abin ƙyama a Kantin Kwari. Amma abin lura a tarihin shirin shi ne, waɗanda suka ɗauki kyauta irin su Efe da Laycon da Whitemoney ba da abin kunya suka yi suna ba. Gasar girki ko ta ɗinki ko ta ƙananan 'yan kasuwa da harshen Hausa za ta iya aron tantancewa mai kyau da ƙuri'ar da aka yarda da ita da tsarin mako, ta bar sauran, kuma kuɗin shiryata ba zai kusanci biliyan biyar ba.

A 2025 an gudanar da zango na goma, aka koma tsarin kowa da kansa tun daga ranar farko, aka kuma sanar da kyautar Naira miliyan 150. Imisi, wadda ta shigo da barkwanci da harshen titi, kuma da farko ba a lissafa ta cikin manyan gidan ba, ita ta lashe a farkon Oktoba. Makonni biyu kafin wannan dare, kamfanin Canal+ na Faransa ya kammala karɓar ragamar MultiChoice, don haka kasafin zangunan da za su biyo baya yana hannun sababbin masu gida.